Da wane ma'auni ake kare rukunin gidajen zamani a matsayin kayan tarihi?

Ɗalibar Zanen Gini:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya rukunin gidaje shida na birnin Berlin cikin wuraren tarihi na duniya, har da Hufeisensiedlung, wanda Bruno Taut da Martin Wagner suka soma ginawa a 1925 da siffar kofaton doki. Amma a Landan an hana rukunin gidajen Robin Hood Gardens kariya, alhali fitattun masu zane Alison da Peter Smithson ne suka tsara shi, har aka fara rushe shi a 2017. Me ya bambanta su, kuma mene ne ake karewa a gidan haya na talakawa, wanda ba fada ba ne, ba kuma wurin ibada ba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malama. Darajar gidajen Berlin tana cikin matsalar da suka warware. Kafin a gina su, ma'aikata suna cunkushe ne a manyan benayen haya masu duhun tsakar gida, iyalai da yawa na amfani da banɗaki guda. Sai Taut da abokan aikinsa suka ba kowane iyali ɗakin girki da banɗaki da baranda, suka tsara ginin yadda rana da iska za su ratsa ɗakuna, suka kuma bar fili ga lambu. Shi ya sa kariyar ta haɗa da launin fenti da fasalin taga da shukokin da ke kewaye, ba bango kaɗai ba. Wahalar ita ce masu ginin sun gwada dabarun da ba a san ƙarshensu ba a lokacin. Idan ruwa ya shiga kankare, rodin ciki yakan yi tsatsa ya kumbura har ya tsage siminti, shimfiɗaɗɗen rufi yakan yi yoyo, siraran bangaye kuma ba sa tare sanyi. Wanda ya ƙara wa bangon kauri daga waje domin a rage kuɗin ɗumama ɗaki, ya ɓata fuskar da aka ce a kare.

Tsohon Malami:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai, ɗiyata, ki dubi rukunin gidajen Park Hill na birnin Sheffield a Ingila. An kammala shi a 1961 da gidaje kusan dubu, aka ba shi kariya a 1998, sannan a kashin farko na gyara aka cire kusan komai, aka bar ƙashin kankaren kawai. Ginin ya tsira, amma akasarin gidajen da aka gyara sun tafi kasuwa, ba su koma hannun masu ƙaramin ƙarfi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Robin Hood Gardens, inda gidan tarihi na Victoria and Albert ya yanki wani sashe na ginin ya adana, mazauna kuwa aka sauya musu matsuguni. A ganina, tun da don talaka aka yi waɗannan gidaje, zamansa a ciki yana daga cikin abin da doka ya kamata ta kare.

Injiniya:
Gaskiya ne, Baba, kuma an taɓa yin hakan. A unguwar Grand Parc ta birnin Bordeaux a Faransa, masu zanen gini Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal da abokan aikinsu sun gyara gidaje 530, suka ƙara wa kowanne faffaɗar baranda mai gilashi, ba tare da an tashi 'yan haya ba, aikin kuma ya samu kyautar zanen gini ta Tarayyar Turai, wato Mies van der Rohe, a 2019. Sai dai fuskar ginin ta sauya gaba ɗaya, abin da hukumar kayan tarihi ba za ta taɓa yarda a yi wa gidajen Taut ba.