Wai waye ke zaɓen uban jami'a ne?

Ɗan Agege:
Salam jama'a. Musu muke tun jiya a majalisa bayan isha'i, wani ya ce Shehun Borno ne uban jami'ar Legas, shi kuma Alhajin da ke kusa da ni ya rantse wai ƙarya ne mace ce ke riƙe da jami'ar, to wanne ne gaskiya kuma waye ke zaɓensu, malamai ne ko ɗalibai ko gwamnati? Masu ilimi a taimaka.

Malamin Akoka:
Wa alaikumus salam. Duk su biyun suna da gaskiya ai, kujerun ne daban. Uban jami'a sarauta ce ta girmamawa, ya zo ranar yaye ɗalibai ya sa alkyabba ya ba da digiri ya koma gida, ba ya sa hannu a albashin kowa. A jami'o'in tarayya shugaban ƙasa ke naɗa shi, babu ƙuri'a babu kamfen, kuma galibi sarki ake ɗaukowa daga wani yanki a kai shi wani, shi ya sa ka ga Shehu a Legas, Sarkin Musulmi a Ibadan, Obin Onica a ABU Zariya. Mai aikin yau da kullum shi ne VC, wato shugaban jami'a, a Legas Farfesa Folasade Ogunsola ta hau a 2022, mace ta farko. Shi wannan sai an buga talla a jarida, a tace masu nema, kwamitin haɗin gwiwa na majalisar gudanarwa da ta manyan malamai ya yi musu intabiyu ya fito da uku, majalisar gudanarwa ta ɗauki ɗaya ta sanar da shugaban ƙasa. Shekara 5 ce, ba tazarce.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam a takarda kenan fa. Ka manta rigimar 2020 da majalisar gudanarwa da Babalakin ke shugabanta ta je can Abuja ta tsige VC na lokacin Farfesa Ogundipe, malamai suka ce ba su san zance ba, sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike aka dawo da shi? Tunda gwamnati ke naɗa shugaban majalisar, hannunta na ciki ko an ƙi ko an so.

Baban Yasir:
Ni dai na fi son yadda jami'ar Oxford ta samu uban jami'arta a 2024, tsofaffin ɗalibai da ma'aikata suka yi zaɓe ta intanet William Hague ya ci. Me zai hana mu?

Malamin Akoka:
Hajiya ban musa ba wlh. Baban Yasir kai kuma wane sarki ne zai yarda ya tsaya takara ya sha ƙasa a hannun yara, haba.

Ɗan Agege:
To LASU, jami'ar jihar Legas fa, ita ma daga Abuja ake naɗowa?

Hajiyar Idi-Araba:
A'a ɗan'uwa, ta jiha ce, wannan sai gwamna a fadar gwamnatin jiha da ke Alausa.