Muhawara: A Bar Wa Abuja Komai, Ko A Ƙarfafa Unguwa?

Baban Khalifa (Tudun Wada): Salamu alaikum jama'a. Jiya a wajen ɗaurin aure wani bawan Allah ya ce gara a tattara harkar agajin gaggawa gaba ɗaya a damƙa wa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, a rufe hukumomin jihohi, tunda sai ɓarna ta auku ake ganinsu da buhunan shinkafa. Ni dai na goyi bayansa. Me kuka gani?

Injiniya (Kwangila): Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ruwa bai san iyakar jiha ba. Idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, ta kogin Binuwai yake bi, ya ratsa Adamawa da Taraba da Binuwai, ya haɗu da kogin Neja a Lokoja. Wane gwamna ne zai zauna da wata ƙasa kan ranar buɗe dam? A ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Irin wannan sai da jagora ɗaya. Shi ya sa aka kafa NEMA a 1999, Mataimakin Shugaban Ƙasa kuma yake shugabantar majalisar gudanarwarta.

Maman Ummi (Gyallesu): Injiniya, ka yi mini haƙuri, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daminar bara waccan, wajen ƙarfe biyun dare ruwa ya shigo mana har gwiwa. Katifu suka jiƙe, buhun masararmu ya tashi aiki. Surukata ba ta iya tafiya, yaron maƙwabta ne ya goya ta ya kai ta gidan da ke kan tudu. Samarin layi suka shiga kwalbati da tocila a baki, suna zaƙulo ledoji da robobin da suka toshe ta. Cikin awa ɗaya ruwan ya janye. Da mun tsaya jiran mota daga nesa, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru da baiwar Allahn nan.

Baban Khalifa: Allah Ya kiyaye gaba, Hajiya. Amma ai kin ƙarfafa maganata ne: ba wanda ya zo daga kusa ɗin ma.

Maman Ummi: To idan na kusa bai zo ba, Alhaji, sai a gyara shi, ba a ƙara nisanta shi ba.

Ɗalibi (Samaru): Iyayena, in sa baki. Gargaɗi fa ana bayarwa. Duk farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina, NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Tsarin ƙasa ma hawa uku ne: tarayya, jiha, da kwamitin ƙaramar hukuma. A hawa na ukun nan saƙon yake mutuwa. Mai gona a bakin kogin Galma ko mai gida a gefen kogin Kubanni a nan Zariya, ta ina zai ji? Na tambayi abokaina goma lambar kiran gaggawa, biyu ne suka san 112.

Malam Babba (Cikin Gari): Yaro ya faɗi gaskiya. Ranar da rufin Masallacin Juma'a na Fadar Zazzau ya rufta a watan Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, waɗanda ke wajen ne suka fara tono 'yan'uwansu da hannu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun ranar nake tunanin a koya wa matasanmu yadda ake ɗaga wanda ya karye da yadda ake tsayar da jini. Gargaɗin kuma a fassara shi da Hausa a miƙa wa hakimai da masu unguwanni da limamai. In aka faɗa a huɗuba, kafin magariba ya kai kowane zaure.

Injiniya: Na yarda da horon, Allah gafarta Malam. Sai dai ranar da dam ɗin Alau ya ɓalle a Maiduguri a Satumbar 2024, kwale-kwale da sojoji aka nema. Wannan ya fi ƙarfin unguwa.

Baban Khalifa: Batun rufewa na janye. Amma a batun kuɗi ga abin da nake nema: a riƙa bayyana wa jama'a nawa aka ware da inda ya shiga.

Maman Ummi: Wannan kam ina tare da kai. Malam, don Allah a yi wa Mai Unguwa maganar yashe kwalbatinmu kafin ruwan farko. Ina da shebur biyu da baro.

Malam Babba: Zan same shi gobe bayan Asuba, in sha Allahu.