Taƙaitawar shawarwari kan cijewar alƙalami a rubutun labarin ban tsoro

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan abin da marubucin labarin ban tsoro zai yi idan alƙalaminsa ya cije, wato rubutu ya tsaya masa ya kasa ci gaba, da kuma yadda zai buga littafinsa.

1. Mafi yawa sun yarda cewa alƙalami kan cije idan marubuci ya bayyana abin tsoron da wuri, domin da zarar mai karatu ya ga dodon, fargabarsa ta kwanta. Sun ce a koma baya a ɓoye shi, misali a bar ƙofar da aka kulle da dare a wayi gari a same ta a buɗe, babu bayani.

2. An rabu kan hutu: wasu sun ce a ajiye rubutun na makonni, wasu sun nace a rubuta ko shafi ɗaya kullum. Ni na fi karkata ga na biyun.

3. Kan bugawa, baki ya zo ɗaya cewa a guji kamfanin da ke neman kuɗi kafin ya karanta aiki, domin wakilin marubuta na ƙwarai, wato mai nema wa marubuci kamfanin da zai buga littafinsa, yakan ɗauki kusan kashi 15 cikin ɗari ne bayan an sayar da littafin.

4. Ba a cimma matsaya kan marubuci ya buga littafinsa da kansa ba, sai dai kowa ya ce a nemi edita tukuna.