Muhawara: Dole ne a ciro guntun ƙarfen da ya karye a saiwar haƙori?

Matashin likita, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ina so manyana su duba wani ra'ayi da na daɗe a kansa. A ganina, duk lokacin da fayil, wato siririn ƙarfen da muke yashe ramin saiwar haƙori da shi, ya karye a ciki, wajibi ne a ciro shi, ko kuma a tura mara lafiya wurin wanda zai iya. Manufar aikin jijiyar haƙori ita ce a share ramin tun daga bakinsa har ƙarshen saiwa, a wanke shi da ruwan hipokolorait mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan a cike shi, kuma guntun da ya toshe hanya yana hana duk wannan a sashen da ke bayansa. Cirowar ma ba abin da ya gagara ba ne, domin wani bincike da aka wallafa daga Suwizalan a 2005 ya nuna an yi nasara a 84 daga cikin 97, wato kashi 87 cikin ɗari.

Babbar likita, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Dakta, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma sun amsa tambayar ko za a iya cirowa ne, ba su amsa tambayar ko ya kamata ba. Ƙarfen da kansa ba ya haddasa ciwo, ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi. A wannan shekara ta 2005 Spili da Parashos da Messer, a Ostireliya, sun duba haƙora 8,460 da ƙwararru suka yi wa aiki, suka samu guntun ƙarfe a kashi 3.3 cikin ɗari. Da suka kwatanta, haƙoran da aka bar musu guntun sun warke da kashi 91.8, waɗanda babu guntu kuma da kashi 94.5, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba.

Sannan ka tuna abin da cirowar ke ci. Kafin ka ga kan guntun dole ka miƙe hanya daga saman haƙori zuwa gare shi, ka faɗaɗa ramin, ka kuma sassaƙe jikin saiwar kewaye da shi da bakin na'urar oltirasonik, mai aiki da saurin girgiza, har ya yi sako-sako. Duk abin da ka sassaƙe ya tafi ke nan, haƙori ba ya mayar da shi. Souter da Messer sun gwada wannan a ɗakin bincike, suka ga ƙarfin saiwa ya ragu da kusan kashi 30 idan guntun yana tsakiyarta, da kusan kashi 40 idan yana kusa da ƙarshenta. Ina tsoron kada garin gyaran gira a rasa ido.

Injiniya, Samaru:
Hajiya, ki yi mini afuwa, ni ba likita ba ne, ilimin ƙarafa na karanta. Abin da ya fara zuwa mini shi ne tsatsa: ƙarfe a wuri mai danshi na shekaru, ba zai lalace ya cutar da jiki ba? Game da karyewar kuwa, na san haɗin nikel da titaniyom, wanda aka samar a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka wajen farkon shekarun 1960. Yana lanƙwasuwa ya koma yadda yake, amma idan yana juyawa a cikin lanƙwasar saiwa, gefe ɗaya yana miƙewa ɗayan yana matsewa a kowane zagaye, har ya gaji ya tsinke ba tare da ya nuna wata alama da ido zai gani ba.

Babbar likita, Tudun Wada:
Injiniya, ka faɗi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da fayil ke karyewa. Ta biyun ita ce bakin fayil ya maƙale a wuri matsattse alhali injin yana ci gaba da murɗa jikinsa. Tsatsa kuwa ba ita ce damuwarmu ba, domin baƙin ƙarfe marar tsatsa da haɗin nikel da titaniyom duka suna zama lafiya a cikin saiwa. Sandunan azurfa da aka riƙa cike rami da su a da su ne aka san suna lalacewa. Bayanin naka ma ya taimaka mini: tunda a lanƙwasa fayil ya fi karyewa, yawancin guntayen suna a lanƙwasar ko bayanta, inda madubin tiyata mai ƙara girman abu ba ya hango su, musamman a saiwar gaba ta turamen ƙasa, wadda bangonta na ɓangaren da saiwoyi suka rabu siriri ne ƙwarai. A nan ne ake huda saiwa bisa kuskure.

Matashin likita, Sabon Gari:
Ranki ya daɗe, na karɓi batun raunana saiwa, amma akwai sashen binciken Ostireliyan da ba ki ambata ba. A haƙoran da tun farko akwai ciwo a ƙashin da ke ƙarshen saiwarsu, warkewa ta sauka zuwa kashi 86.7 idan akwai guntu, alhali ta kai 92.9 idan babu. To, su waye suke zuwa mana a Zariya? Mutum zai yi makonni yana cusa kanumfari a ramin haƙori, yana sayen maganin kashe zafi a kemis, ba zai zo ba sai kumatu ya kumbura. Mafi yawan haƙoran da nake buɗewa jijiyarsu ta riga ta mutu, ramin cike yake da ƙwayoyin cuta. Ɗaukar sakamakon ƙwararrun Ostireliya a shimfiɗa shi a kan irin waɗannan haƙora, a ganina, ganganci ne.

Babbar likita, Tudun Wada:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ɗana, kuma ita ta sa ban ce a riƙa barin guntu kullum ba. Kalmar da nake ja da ita ita ce wajibi. Idan guntun yana sashen sama, a miƙaƙƙen wuri, ana ganinsa, a ciro shi, babu gardama. Idan ya karye tun farkon aiki a ramin da ke da cuta, sai a fara gwada ratsawa ta gefensa da ƙaramin fayil na hannu mai lamba 8 ko 10, domin idan an wuce shi ruwan wanki zai isa ƙarshen saiwa ba tare da an sassaƙe komai ba. Idan kuwa ya karye bayan an kusa gama wanki, yana can bayan lanƙwasa, a cike ramin har inda yake, a rubuta, a sa ido.

Ka kuma auna ƙarshen hanyoyin biyu. Wanda aka bar wa guntu, ciwo ya ƙi warkewa, yana da sauran mafita, domin ana iya yi masa ƙaramar tiyata a yanke ƙarshen saiwar tare da guntun. Wanda saiwarsa ta tsage a tsaye kuwa, galibi sai cire haƙorin ko saiwar, kuma tsagewar ba ta bayyana ranar, sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da babu mai tuna dalilinta. Su ma na Suwizalan da madubin tiyata suka yi aikin, kuma sun lura cewa nasara tana raguwa idan aka wuce minti 45 zuwa 60. Asibitocinmu nawa ne ke da wannan madubi? Ga kuma zafin da na'urar ke haifarwa idan aka daɗe babu ruwan sanyayawa, alhali ƙarin digiri 10 na minti ɗaya ya isa ya illata ƙashin da ke riƙe da haƙori.

Ma'aikaciyar jinya, Kongo:
Ranki ya daɗe, inda nake da ja shi ne wurin sa ido. Ƙa'ida ita ce a sake ɗaukar hoton X-ray bayan shekara, a ci gaba da bibiya har shekara huɗu idan akwai shakka. Mu da ke riƙe da rajista mun san cewa wanda ya taso daga Giwa ko Soba, da zarar zafi ya lafa, da wuya a sake ganinsa. Sai wata rana ya je wani asibiti, hoto ya nuna ƙarfe, a ce masa an manta da allura a bakinsa. Saboda haka ko za a bari ko za a ciro, a gaya masa a ranar, a nuna masa hoton. Kuma a daina maimaita fayil ɗaya har sai ya karye saboda tsadarsa.

Babbar likita, Tudun Wada:
Gaya wa mara lafiya haƙƙinsa ne, ba na jayayya a kai. Amma rashin dawowar da kika faɗa bai tsaya a ɓangarena kaɗai ba. Turmin da aka sassaƙe wa saiwa ya fi kowane buƙatar a rufe shi da hula, wato murfin da ake ɗora wa haƙori don kare shi, kuma mutumin da bai dawo ɗaukar hoto ba, shi ne dai ba zai dawo a sa masa hular ba, zai koma yana tauna ƙashi da aya da shi. Dakta, kawo hoton haƙorin da ya sa ka tayar da maganar, mu ga ko guntun yana gaban lanƙwasa ne ko bayanta.