Neman kalmar Hausa: me za mu kira "siriyal" a wajen haɗa ƙaramar ayisi da kwamfuta?

Assalamu alaikum. Ina koyar da wasu matasa haɗa ƙananan na'urorin lantarki a wani shago da ke Runjin Sambo a nan Sakkwato, kuma akwai kalma ɗaya da take yi mini tarnaƙi kusan kullum, wato siriyal. Makon jiya wani ɗalibina ya gama liƙa kayan allonsa da dalma: ayisi ATmega328P (ayisi ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu da ake liƙawa a allon na'ura), irin wadda ke kan allon koyo na Arduino Uno, da kiristal mai megahaz 16, da ƙananan kafasito biyu masu fikofarad 22. Ya jona allon da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai ɗauke da CH340, ayisin da ke isar da saƙo tsakanin mashigar USB ta kwamfuta da allon, fitila ta kama, amma kwamfuta ta yi ta cewa allon ba ya amsawa. Ya waiwayo ya ce mini, "Malam, ta ƙi hwaɗin komi." Da na duba sai na ga ya haɗa TX (wayar aika saƙo) da TX, RX (wayar karɓar saƙo) da RX, domin a tunaninsa waya tana tafiya ne wurin mai sunanta, kamar yadda ake haɗa ja da ja, baƙi da baƙi a wayarin ɗin gida. Ban ga laifinsa ba. Kalmar siriyal ba ta gaya masa komai game da yadda saƙo yake tafiya, haka ma haruffan da ke jikin allon.

Abin da kalmar take nufi shi ne a aika bayani bit ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, bit kuwa shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, sifili ko ɗaya. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane harafi yana fita ne da bit goma: ɗaya na sanar da farawa, takwas na saƙon kansa, ɗaya na rufewa. Kishiyarsa ita ce faralel, inda bit takwas suke tafiya lokaci guda a kan wayoyi takwas, kamar a mashigar tsofaffin firinta. Zuwa yanzu ina cewa "sadarwar jere", amma raina bai kwanta da ita ba. Ina neman shawarar malamai da masu gyara.

Amsa daga wani malamin fizis na sakandare:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina roƙon ka da ka janye "jere" tun kafin ta zauna a bakin yara. Mu a aji da ita muke bayanin haɗa batura ko resisto baki da gindi, inda wuta ɗaya take ratsa su duka, kuma wannan wani abu ne dabam da abin da kake magana a kai. Ban da haka, idan Bahaushe ya ce mutum biyu sun jera, abin da ake gani a zuci shi ne suna tafe kafaɗa da kafaɗa, wanda kuwa shi ne ainihin faralel. Kalmar da za ta iya nufin abu da kishiyarsa ba za ta yi aiki a shagon gyara ba. Ni a ganina "bi-da-bi" ta fi dacewa, domin gajeriya ce kuma kowa ya san ta.

Amsa daga wani dattijo da ya yi aikin gyaran kayan sadarwa:

Ƙanena, maganar Malam a kan "jere" gaskiya ce, sai dai "bi-da-bi" ma tana da nata aibin. Idan aka ce mutane suna magana bi da bi, ana nufin wannan ya yi shiru sai wancan ya gama. A wannan haɗin kuwa wayoyi biyu ne, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa, kuma ɓangarorin biyu suna iya aikawa a lokaci ɗaya ba tare da jiran juna ba. Yaron da ya riƙe "bi-da-bi" zai ɗauka waya ɗaya ce ake karɓa-karɓa a kanta. Me ya hana mu ce "jerin gwano"? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona da damina ya kalli gwano ya san yadda suke tafiya: hanya ɗaya siririya, kowane yana bin bayan na gabansa, babu mai tsallake wani. Faralel kuma sai mu kira shi "sahu", tunda a sahu kowa yana gefen ɗan'uwansa kuma tare ake motsawa.

Ina kuma jan kunne a kan wani abu. Sunan siriyal ɗaya ne, amma wutar ba ɗaya ba ce. Tsohon ma'aunin RS-232, wanda aka fitar a Amurka a 1960, yana aiki da wutar da take kaiwa bolt 15 sama da sifili ko ƙasa da shi, alhali ayisinku ba ta wuce bolt 5. Wanda ya jona ta kai tsaye da mashiga mai allura tara ta tsohuwar kwamfuta ba tare da MAX232, ayisin da ke daidaita wutar ɓangarorin biyu, a tsakani ba yana iya ƙona ta. Duk sunan da aka zaɓa, a riƙa faɗa wa yara cewa sunan yana bayanin yadda saƙo yake tafiya ne kawai.

Daga mai tambaya:

Na gode, Malam. Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwana biyu ina gwada kalmomin nan a kan yara, kuma na tsaya a kan "jerin gwano". Na san za a ce a rediyo yanzu an fi jin ta a labarin zanga-zanga ko ayarin motocin 'yan siyasa, amma wannan aro ne daga ma'anarta ta asali, kuma mu ma asalin muka koma. Ma'aunina ɗaya ne: kalmar da za ta sa yaro ya gano inda matsala take ba tare da na tsaya a kansa ba. Da na ce wa ɗalibin nan akwai jerin gwano biyu, ɗaya mai fita ɗaya mai shiga, da kansa ya tambaye ni ta wace ƙofa kowanne yake fita. Daga nan muka sa wa TX suna "baki", RX kuma "kunne". Bakin kwamfuta kunnen allo yake nema, bakin allo kuma kunnen kwamfuta, don haka a jikin ATmega328P ƙafa ta 2 ce kunne, ta 3 ce baki, kuma dole wayoyin su gitta. Wayar GND ita ce ƙasar da duka biyun suke tsaye a kai; idan ba a haɗa ta ba, babu ma'aunin da za a gane sama da ƙasa na wutar.

Sunayen sun sauƙaƙa mana ko da gwajin da muke fara yi idan abu ya ƙi. Ana cire allon gaba ɗaya, a haɗa bakin CH340 da kunnenta da 'yar waya, a rubuta harafi a kwamfuta. Idan harafin ya dawo, an wanke kebul da direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane CH340) da 'yar na'urar, sai a koma kan allon. Yaran suna kiran wannan "jin kai da kai", kuma na bar musu.

Wurin da ake jona wayar kuwa, wanda Windows take nunawa da COM3 ko COM4, na so in ce masa "kafa", sai na lura cewa yawancinmu ba ma sa lanƙwasa idan muna rubutu a waya, don haka kafar sadarwa da ƙafar ayisi za su zama abu ɗaya a rubuce. Na zaɓi "mashigar jerin gwano". Idan mashigar ba ta bayyana a kwamfuta ba sam, sau da yawa kebul ɗin na caji ne kawai, mai wayoyin wuta biyu babu na bayani, ko kuma ba a sa direban CH340 ba.

Saura baud, ma'aunin yawan bugun da ake aikawa a kan wayar a daƙiƙa ɗaya. Ita ba na ganin a taɓa ta, domin sunan mutum ce, Emil Bodo, Bafaranshen da ya ƙirƙiro tsarin aika haruffa da alamomi biyar a wayar tangaraho cikin shekarun 1870, kuma ba mu fassara bolt ko wat ba. Abin da ke buƙatar suna shi ne daidaiton da ake yi a kanta. "Saurin aikawa" yana sa yara su ɗauka mafi yawa ya fi kyau, sai su zaɓi 115200 a kwamfuta alhali allon yana kan 9600, allon kwamfuta ya cika da alamomin da ba su da ma'ana. Ina ba da shawarar "kari", kamar karin waƙa, tunda babu wayar agogo tsakanin ɓangarorin biyu, kowanne da nasa yake ƙirga bugun, kuma sai sun hau kari ɗaya kafin mai ji ya san inda harafi ya fara da inda ya ƙare. A kari na 9600 haruffa 960 ne suke wucewa a daƙiƙa. Sabuwar ATmega328P daga masana'anta tana gudu ne a megahaz 1 da agogonta na ciki, don haka idan aka loda mata shirin da aka tsara don megahaz 16 ba tare da an sauya saitin agogonta ba, abin da aka rubuta 9600 zai fito a 600, ko da lambobin ɓangarorin biyu sun yi daidai a ido.

A kan "kari" ne nake so malaman Hausa su sa baki, musamman masu nazarin waƙa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ta ɗauki wannan nauyin ko akwai wadda ta fi ta. Ranar Asabar zan rubuta "jerin gwano", "sahu", "baki", "kunne" da "mashiga" a jikin allon shago, in bar gurbin ta shida.