Gudun asuba ya ɗauke mini maigida, ga rumfata a tsaye babu rufi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Birnin Kebbi, shekarata 11 da aure, Allah ya ba mu yara uku. Ba ƙarar maigidana na kawo ba, mutumin kirki ne. Abu ne ya cunkushe mini a rai na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Malamin makaranta ne, amma Allah ya yi shi da son aikin hannu. Kantar da nake jera tukwane shi ya buga ta, akurkin kaji shi ya haɗa, famfo in ya lalace ba ma kiran kowa. Tun muna amarya da ango ranar Asabar tamu ce. Yana yanka katako ina danne masa, ina miƙa ƙusa, ko ina gefe a tabarma ina ɗinkin hula muna hira. Kuɗin makarantar yara, auren ƙanwarsa, sayen fili, duk a gindin guduma da zarto muka yanke shawararsu.

Wata biyar da suka wuce ya yi ta fama da ciwon kai, da aka auna jininsa aka samu 160 bisa 100, wato hawan jini. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya fara da tattaki bayan sallar asuba, daga baya ya haɗu da wasu abokai suka koma gudu, su je wajen filin wasa na Haliru Abdu su zagayo. Alhamdulillahi jinin ya sauka, teɓa ta tafi, barcinsa ya gyaru. Sai dai ranar Asabar suke yin mai nisa. Sai wajen ƙarfe tara yake dawowa, ga zafin Afrilun nan da kuka sani, yana wanka ya karya sai barci har azahar.

Kafin ciwon mun fara rumfa a bayan ɗakina, inda zan riƙa ɗinkin hula da saƙar kwarashi, in kuma zaunar da 'yan matan da ke zuwa koyo, don yanzu a falo muke yi, zare da allura ko'ina, ga yaro mai rarrafe. Da kuɗin adashina aka sayi kwano bandir ɗaya da siminti buhu uku, shi ya sayi katako. An kafa ginshiƙai huɗu, daga nan aiki ya tsaya. Ga damina ta ƙarato.

Sai batun girki. Yanzu tukunyar miya biyu nake ɗorawa, tasa daban tamu daban, don yara sun ƙi tasa, sun ce lami ce. Shi ma yana ci ne kawai, rannan na gan shi yana barbaɗa yaji a ɓoye.

Na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. Na ce masa ko in riƙa bin sa da asuba, ni ma jikina ya yi nauyi tun haihuwar autana. Ya yi murna har ya sayo mini kambas. Da Inna mahaifiyarsa ta ji, tana sashen da ke kusa da namu, sai ta ce ita dai a saninta matar aure ba ta gudu sai in gobara ta tashi. Bai ƙara tayar da maganar ba. Takalmin na nan a ledarsa ƙarƙashin gado.

Yaya zan yi a rufe rumfar nan ba tare da ya ga kamar ina baƙin ciki da lafiyarsa ba? Yaya zan yi da girkin? Shin in haƙura da fitar?

Maman 'yan biyu, Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya. Ni dai a ganina ki kira kafinta kawai, aikin yini guda ne. Mijina ma haka ya ajiye mini ƙofar bayi wata huɗu, ranar da na kawo mai gyara magana ta ƙare.

Mai tambaya:
Na gode Maman 'yan biyu. Na yi wannan tunanin, amma na san zai ji zafi ƙwarai in ya dawo ya tarar da wani a kan katakon da shi ya auna ya yanka. Kuma gaskiya ba rufin kaɗai nake so ba, zaman da muke yi tare nake kewa.

Wani magidanci, Argungu:
Hajiya, wannan maganar da kika rubuta yanzu, kin taɓa faɗa masa ita da bakinki? Mu maza in kika ce “yaushe za a rufe rumfa”, aiki muke ji ana tuna mana, sai mu ce insha Allahu. In kika ce kina kewar zaman Asabar, wannan wata magana ce daban, har zuciya take zuwa. Mutumin da ya ga 160 a jikin na'ura tsoro ne a ransa, ko bai faɗa ba, yana tuna yaransa ƙanana. Shi ya sa ya riƙe gudun da hannu biyu.

Ni sana'ata ke nan, kafinta ne, bari in faɗa miki abin da ke gaggawa. Yau ɗin nan ki duba simintin. In a ƙasa aka ajiye shi ko an jingina shi da bango, ki sa a ɗora shi a kan katako a rufe da leda, don siminti yana shan laima ya daskare tun yana buhu, kuma ko bai daskare ba ƙarfinsa raguwa yake in ya daɗe. Katakon kuma a ɗaga shi daga ƙasa a shafe shi da baƙin mai, in ba haka ba gara za ta riga ku. In yana kwance a rana ba a danne shi ba zai kantare, sai an zo bugawa a ga ba ya hawa daidai.

In za a rufe, kada a yarda da ƙusa kaɗai. Ruwan farko a ƙasar nan da iska yake zuwa, kowace shekara muna ganin rufin da ta kwashe. A ɗaure katakon sama da ginshiƙi da langalanga, a ba rufin gangara yadda ruwa zai zuba nesa da bangon ɗakinki. Bandir ɗaya falle 20 ne, ya ishe ku har da saura. Mutum biyu, yammaci biyu bayan la'asar, an gama. Ba sai ya bar gudunsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:
'Yar uwa, ki sauke tukunya ɗaya. Gishirin da ya yi wa babansu yawa, su ma yaran ya yi musu yawa, kuma hawan jini yana bin dangi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne babba kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya, da yaji, da ƙuli-ƙuli, da burodi. Kanwa ma 'yar gidan ce, a rage ta a miyar kuka da kunu. Yajin da yake barbaɗawa ɗin nan, in irin namu ne da ake dakawa da dunƙule da gishiri, zai iya mayar da abin da kika cire duka. Ki daka masa nasa: barkono, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, babu gishiri, ki ajiye masa a fili ya ci ba da ɓoyo ba.

Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne cirewa gaba ɗaya rana guda, dole miya ta yi lami. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a tukunyar kowa, in dunƙule huɗu kike sawa ki koma uku, bayan mako biyu ki koma biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kuma mu a Kebbi me za mu nema, ga kifin Yauri da na Argungu? Ki daka busasshen kifi da daddawa ki zuba tun ruwan miya bai tafasa ba, ki soya albasa sosai har ta yi ja. Miyar da ke da ɗan tsami, irin ta yakuwa, ba ta neman gishiri da yawa.

Batun motsa jiki kuma, minti 150 a mako ake so, minti 30 sau biyar ke nan, kuma ba dole sai gudu ba. Tafiya da sauri, wadda za ki iya magana amma numfashi ba zai bar ki ki rera karatu ba, ta wadatar. Ke da kika daɗe ba ki yi ba, da ita ma ya kamata ki fara, don gwiwa. Shi kuma don Allah ki sa masa ido kada ya ajiye magani saboda ya ga jini ya sauka, wannan shi ne abin da ya fi dawo mana da mutane asibiti a kwance. Ya sha ruwa kafin ya fita, ya dawo kafin rana ta yi zafi. Ƙarfe tara a wannan watan ya yi yawa. In ya ji jiri ko ƙirji ya riƙe, ya tsaya, ya je a duba shi.

Gwaggo, Gwandu:
Ɗiyata, Innarku ba ta faɗi don ƙiyayya ba. Mu da munka tashi muna surfe da daka da jan guga, wa ya san wani hawan jini? Mi za ki nema bisa titi da duhun asuba, ga karnuka ga 'yan shaye-shaye? Ki ɗauki taɓarya ki daka gero tiya guda ki gani in zufa ba ta karyo miki ba. Kada ki ɓata da uwar mijinki kan takalmi.

Uwargida, Gusau:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma yanzu inji ya karɓe daka, famfo ya karɓe guga, zaman ɗinkin hula kuwa awa huɗu mutum na duƙe wuri ɗaya. Ni ma sana'ata ce, sai da bayana da wuyana suka riƙe. Abin da nake yi, igiyar tsalle na saya, ina yi a tsakar gida kafin yara su tashi, da yamma kuma mu uku da maƙwabtana mu taka da hijabanmu mu je mu dawo. Babu wanda ya taɓa ce mana uffan, don wanda ya gan mu zai ɗauka unguwa za mu.

Malamar Islamiyya, Kalgo:
Don kada a ɗauka addini ne ya hana: ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A wata ruwayar sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna. Kin ga an yi gudun, an kuma kiyaye sutura.

Amma kada ki ɗauki hadisin nan ki je ki karanta wa Inna, za ta ji kamar kin mayar da ita jahila. Abin da take tsoro bakin mutane ne, a ce surukar wance ce ke tsere da maza a titi. To ki cire mata kalmar gudu daga zancen. Kuma ba ke za ki yi maganar ba, ɗanta ne. Ya same ta su biyu, ya ce likita ya ce a riƙa takawa, yana so ya riƙa fita da ke bayan an idar da salla, ku biyu, ba cikin abokansa ba. In ta ce a'a, ku bar shi ya kwana biyu, ku yi naku a cikin gida. Tsofaffi sukan sauko in ba a yi musu gardama a gaban suruka ba. Ita ma an taɓa auna jininta kuwa?

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na dawo in faɗa muku inda aka kwana. Daren Alhamis bayan yara sun yi barci na faɗa masa kamar yadda Malam na Argungu ya ce. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi bai san abin ya dame ni haka ba, ya ɗauka rumfar kawai nake wa gaggawa. Ya kuma faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba, cewa tun ranar da aka auna shi yake tuna mahaifinsa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara uku kafin ya rasu.

Buhu ɗaya na simintin ya daskare, Malam, wanda ke jingine da bango, biyun suna nan lafiya. Jiya Asabar ya taƙaita gudun ya dawo bakwai da rabi, muka shafe katako da baƙin mai, ya buga na sama ina riƙe masa tsani. Saura kwano, ya ce Talata da Laraba in ya taso makaranta. Tukunya ta koma ɗaya tun Juma'a, babbar ɗiyata ce kaɗai ta lura. Yajin ma na daka.

Inna ba ta amince da fitar ba tukuna, ta ce a bari ta yi tunani. Amma ta yarda ya kai ta a auna jininta ranar Litinin. Uwargida ta Gusau, igiyar nan sau nawa kika fara da shi? Na gwada da safe na yi 20 numfashina ya ɗauke.

Uwargida, Gusau:
20 ɗin ma kin fi ni ranar farko. Ki yi goma ki huta, ki ƙara goma, sau biyar, a kan ƙasa ba a kan daɓen siminti ba, kuma ki ciro kambas ɗin nan daga leda ki sa. In gwiwa ta yi ciwo ki bari kwana biyu ki koma zagaya tsakar gida da sauri.