Waɗanda suka zaga tsofaffin fadojin Sukotland, me kuka tsinto wa labaranku na soyayya?

Maman Iman, Aberdeen:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wata huɗu labarina ya yi a tsaye cik a babi na 11. Jarumata na zaune a falo da wanda take so, na rasa abin da zan sa a bakinsu. Ranar Asabar Baban Iman ya ce in tashi in sha iska, muka hau jirgin ƙasa zuwa Stonehaven, daga nan muka taka ta gefen teku har Dunnottar. Kufai ne, yawancin ɗakunan ba rufi, an ɗora shi a kan wani ƙaton dutse da teku ya kusa zagayewa. Sai ka gangara doguwar matakala, ka sake hawa wata, kafin ka ga ƙofa. A nan aka ɓoye kambi da takobi da sandar sarautar ƙasar a 1651 da sojojin Ingila na Oliver Cromwell suka shigo ƙasar. Wata takwas suka yi wa wurin ƙawanya, da suka samu shiga ba su tarar da komai ba, don mata sun riga sun sulale da kayan. Matar limamin cocin Kinneff na cikinsu, kuma a ƙarƙashin daɓen cocin aka binne su har 1660.

Ni dai matakalar nan ce ta tsaya min a rai. Na isa ƙofa ina haki, sai na ce duk wanda ya zo zance gidan nan ya gama nuna sonsa tun kafin ya yi sallama. Jarumina kuwa mota yake fakawa, ya danna waya, ta fito. Ba abin da ya raba su, to me za su ce wa juna? Da na dawo sai na mayar da ita ƙauyen kakarta da damina, kogi ya kawo, sai da kwalekwale. Babi uku na rubuta cikin mako ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wuraren nan ya ba mu nasa labarin.

Hajiya Ummi, Kano:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Na je wankan jegon 'yata a garinku, wata biyu na yi. Da ta yi arba'in mijinta ya ɗauke mu zuwa Fyvie. An nuna mana zane-zane da makamai iri-iri, duk sun bi iska, abu ɗaya na riƙe. Akwai wata baiwar Allah Lilias Drummond, matar mai gidan, Alexander Seton. 'Ya'ya mata kawai ta haifa masa, shi kuwa magaji yake nema. Ta rasu a 1601, shekarar ba ta ƙare ba ya auri Grizel Leslie. Mutanen wurin suna ba da labari cewa a daren farko ango da amarya sun kwana suna jin nishi a bayan taga, da gari ya waye suka ga sunan marigayiyar a sassaƙe a jikin dutsen tagar ta waje, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Batun fatalwa nasu ne, ni ban ɗauka ba. Sunan dai yana nan, an nuna min.

Na daɗe tsaye a wurin, har jikata ta fara kuka ban ji ba. Shekara da shekaru ina rubutu a kan kishi, kuma kullum kishiyoyina rayayyu ne, suna musayar baƙar magana a tsakar gida. Ban taɓa tunanin amaryar da ta shigo ɗakin mamaciya ba. Wannan da wa za ta yi faɗa? Ta tarar da 'ya'yan wata, da labulen wata, da mijin da ya san bai kyauta ba amma ba zai taɓa furtawa ba. Mu da muka ga matan da aka gallaza wa saboda haihuwar mata, ba sai an fassara mana Lilias ba. A labarin da na rubuta bayan dawowata babu taga babu dutse. Kwalla ce a kan jere mai ɗauke da sunan uwargida, irin wanda ake rubutawa da jan farce lokacin biki don kada kaya su ɓace, amarya ta kankare ta kankare bai fita duka ba.

Malam Habibu, Dundee:
Ranki ya daɗe Hajiya, wannan kwalla ta isa littafi ita kaɗai. Nawa zuwan Lochleven ne, kusa da Kinross, ranar da na gudu daga takardun digiri. Fadar a kan tsibiri take, ƙaramin jirgin ruwa ke kai mutane. A nan aka tsare Sarauniya Mary ta Sukotland daga 1567 zuwa Mayun 1568, a nan aka tilasta mata sauka daga sarauta, har wani yaro daga dangin masu gidan ya sace makullai ya tsallakar da ita. A zamaninta tsibirin bai kai girmansa na yau ba, don daga baya ne aka rage ruwan tafkin. Kana tsaye kana hangen gari ƙuru-ƙuru, ga mutane na harkarsu, amma ba dama. Shi ya ba ni mace mai takaba, wata huɗu da kwana goma, ɗakinta na kallon titi, wanda ya so ta tun tana budurwa yana wucewa masallaci sau biyar a rana, ba ya ɗaga kai don mutunci.

Fati, Glasgow:
Anti Maman Iman ga Crathes nan kusa da ku, wajen Banchory, don Allah ki je da rani. Ni lambun ne ya kai ni. Katanga ce ta kewaye shi, aka raba cikinsa gida takwas, kowanne da kalar furanninsa, kamar sassan babban gida. Shingayen itace da suka raba su wasu tun 1702 aka dasa su, sun fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, ana yi musu aski kamar kai. Ina zaune a benci na ji muryar wasu tsofaffi mata da miji a bayan shinge, yana karanta mata sunayen furanni, tana gyara masa. Ban ga fuskarsu ba har suka wuce, kuma har yau ina jin muryoyin.

Inda na sha wuya shi ne wajen rubutawa. Furannin ba su da suna a Hausa, na cika shafi da ja da fari da ruwan hoda, na karanta na ji ba ƙamshi. Sai da na koma lambun kawuna na bakin rafi, furen lalle da na lemun tsami da ƙasar da aka yi wa ban ruwa da yamma, sannan shafin ya yi rai. Shingen kawai na ɗauko, na mayar da shi dangar kara.

Anti Rabi, Abuja:
Ku kun mayar da abin gida, ni can na bar jarumaina. Mun je Eilean Donan a watan Yuni, wadda aka rusa a 1719 aka sake ginawa daga 1912 zuwa 1932, sai na kai amarya da ango hutu wurin. Ban yi nadama ba, masu karatu na son a fita da su. Amma wanda bai je ba zai rubuta ƙarya. Magariba sai bayan ƙarfe goma na dare, asuba kuma ta riske ka kafin barci ya yi nauyi. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke fitowa in iska ta kwanta, ba mai tsayawa hira a bakin ruwa da yamma. Ruwan sama kuwa ba ya sallama. Na sa duka a ciki, har da angon yana shimfiɗa mata rigar sanyinsa ta yi la'asar a kan ciyawa, kuma wurin nan aka fi yi min magana a kai.

Maman Iman, Aberdeen:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Fati in sha Allah Crathes sai Yuli, yanzu kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Wata maƙwabciyata ta ce a Castle Fraser akwai wani ɓoyayyen lungu a cikin bango da suke kira kunnen mai gida, inda ake laɓewa a ji duk abin da ake faɗa a babban zaure. Surukar jarumata na bukatar ta ji wata magana a babi na 16, kuma ba na son laɓen bayan ƙofa da aka saba. Hajiya, a gidajen cikin birni irin na da, daga ina mace za ta ji zancen soro ba tare da an ga ƙafarta ba?